Yadda Ake Sarrafa Askar Jirgi a Garin Fau

Da farko ka tabbatar kana da jirgin ruwa. Masu koyo da yawa sukan tsallake wannan sharaɗi, sai darasi ya yi nisa a tarar ashe baho suke nufi. Jirgin da muke magana a kai shi ne mai tafiya da iska, wanda ake kafa wa ginshiƙi a ɗaura masa zani, shira'i a bakin Larabawan nan, kuma yana da ɗan ɗaki a ciki inda mutum zai miƙe ƙafa ya dafa shayi. Sannan ka tabbatar kana Fau. Wannan ya fi sauƙi. Ka fito ƙofar gida. In ka ga duwatsu tsaye a tsakiyar fili, kwaltar Wad Madani zuwa Gadarif ta bi ta gindinsu, manyan motoci suna wucewa da buhunan dawa da riɗi, ka duba gabas ka duba yamma ba ka ga teku ba, to ka iso. Teku mafi kusa da kai ita ce Bahar Maliya, kuma tsakaninka da Bur Sudan akwai fiye da kilomita 800 ta kwalta. Ka riƙe wannan adadi, ba don zai yi maka amfani ba, sai don matuƙin jirgi ya kamata ya san inda yake.

Yanzu shiga cikin jirgin ka duba tsakiyarsa. Za ka ga wani dogon akwati siriri a tsaye, wanda baƙi sukan zaci tebur ne, kuma a jirage da yawa teburin ma a kansa ake ɗora shi. A cikin akwatin akwai tsaga da ta huda gindin jirgin har ruwa. Kada gabanka ya faɗi. Da gangan aka yi ta, kuma bakin akwatin ya fi ruwan waje tudu, shi ya sa har yanzu kake a bushe. A cikin tsagar akwai faffaɗan allo na ƙarfe ko na katako, an soke shi da ƙusa guda a kusurwarsa ta gaba, an ɗaura masa igiya ta baya. Ka saki igiya, allo ya juya a kan ƙusa ya leƙa ƙarƙashin jirgi. Ka ja igiya, ya koma ciki ya kwanta. Jamusawa suna ce wa wannan allo takobi. Sun yi ƙoƙari, amma takobi zare shi ake yi, ba ya naɗewa. Abin da ke juyawa a kan ƙusa ya koma cikin mariƙinsa askar wanzami ce. Saboda haka aska za mu kira shi, akwatin kuma kube.

Me ya sa jirgi yake bukatar aska? Ka ɗora ƙwarya a kan ruwa ka hura mata iska ta gefe. Gefe za ta tafi. Jirgi ma haka yake so ya yi, domin iska ba kasafai take zuwa daga bayanka daidai inda ka nufa ba, kuma in ta bugi zani ta haƙarƙari, rabin ƙarfinta ko fiye da haka gefe yake tura ka. Wannan zamewa ita ce tafiyar ƙaguwa: hancin jirgi yana kallon Wad Madani, jikinsa yana tafiya Butana. Aska ita ke hana wannan. Ruwa ya fi iska nauyi wajen ninki 800, don haka allon da bai wuce ƙyauren ɗaki ba yana iya yin jayayya da zanin da ya kai rumfar kasuwa. Iska ta matsa daga sama ta wannan gefe, ruwa ya tokare aska daga ƙasa ta wancan gefe, jirgi ya rasa inda zai nufa sai gaba. In kana son ka gani da idonka, ka jiƙa ƙwayar gyaɗa ka matse ta tsakanin babban yatsa da manuni. Inda ta yi tsalle, nan ne gaba. Gyaɗa ba ta wahalar samu a Fau, amma ka yi gwajin da taka.

Manyan jiragen teku ba sa naɗe tasu. An ƙera musu ita da darma, an manne ta a gindi har abada, ba sa shiga ruwan da bai kai tsayin mutum ba. Irin wannan jirgi shi ake kira mai zurfin ciki, kuma kamar yadda ka sani, mai zurfin ciki ba ko'ina yake sakewa ba. Wani hafsan sojan ruwan Ingila, John Schank, ya gina jirgi a Boston a 1774 da allon da ake zurawa a zare, don a samu jirgin da zai yi zurfin ciki in ana bukata, ya daina in ba a bukata. A 1811 aka yi rajistar mai juyawa a kan ƙusa a Amurka, wato irin taka. Har yau jiragen zani na Aswan a Masar suna da ita ta ƙarfe, saboda yashin Nilu yana canja wurin zama ba tare da ya sanar da kowa ba.

Ka lura da hujjar da ke cikin wannan tarihi, don a kanta aka gina sauran darasin. An ƙirƙiro aska saboda ruwa marar zurfi. Ashe ke nan iya ƙarancin ruwa, iya darajar aska. Mutumin Bur Sudan yana da ruwa mai yawa, askarsa ba ta da wani ƙwaƙƙwaran aiki. Kai kuwa Allah ya zaunar da kai a wurin da ƙarancin ruwa yake kai maƙura, har a wasu watanni ya kai babu. Ba na jin akwai garin da ya fi Fau dacewa da wannan ilimi.

To ga ruwan da kake da shi. Akwai Kogin Rahad can ta yammacinka, wanda yake saukowa daga tsaunukan Habasha ya faɗa Shuɗin Nilu kusa da Abu Haraz. Kogi ne na gaske tun daga wajen Yuli zuwa ƙarshen damina, daga nan sai ya koma tafkuna a jere, daga nan kuma hanyar shanu. Akwai kuma magudanan aikin noman Rahad, wanda aka fara nomawa a 1977, mai faɗin fadan wajen 300,000, wanda hedikwatarsa take nan Fau. Babbar tur'a, wato babbar magudana, tana ɗauko ruwa daga madatsar Abu Rakam, ta raba wa ƙanana, su kuma su raba wa ƙaramin lambatun da ake kira abu ishrin, shi kuma ya kai hawasha, wato gonar manomi. An haƙa su ne don auduga da gyaɗa da dawa, kuma waɗanda suka zana su ba su tuntuɓi matuƙan jiragen zani ba. Ba za mu riƙe su da wannan ba. Babbar tur'a ita ce tekunka. Ƙananan na ranar hutu ne. Abu ishrin kuwa na ƙwararru ne, kuma sai jirgin ya yarda a karkata shi.

Ƙa'idar aska guda uku ce, kuma duk duniya a kanta ake. In iska tana bayanka, ka naɗe aska gaba ɗaya, domin ba abin da ke tura ka gefe, jan ta cikin ruwa ɓata gudu ne kawai. In iska tana haƙarƙarinka, ka sauke rabi. In kana son ka tunkari inda iska take fitowa, ka sauke ta duka. Mu ce jirginka yana cin santimita 60 na ruwa in aska tana kube, mita ɗaya da rabi in ta fito. Ka yi wa igiya alamomi da tsumma, ja a rabi, fari a ƙarshe, don ba ka ganin askar, sai dai ka yi mata kyakkyawan zato.

A nan dole in gaya maka wani abu, kuma ka karɓe shi da natsuwa. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar ƙasar nan daga arewa take busowa, ruwan tur'a kuwa arewa yake gangarawa. Wato iska za ta kai ka kudu tana bayanka, ruwa ya dawo da kai arewa kana zaune. Haka masu tsofaffin jiragen Nilu na itacen bagaruwa suka yi ta yi tun kaka da kakanni. Ma'anar wannan ita ce a duk tsawon hunturu ba ka bukatar aska ko kaɗan. Kada wannan ya karya maka gwiwa. Ka dinga sauke ta kana ɗagawa sau biyu a yini don hannu ya saba.

Da damina ne aiki yake tashi. Iska ta juya ta koma daga kudu maso yamma, ita da ruwa sun haɗa baki, za su kai ka arewa cikin sauri da annashuwa, ƙauyukan aikin noman suna wucewa da lambobinsu kamar shafukan littafi. Dawowa ce darasi. Jirgin zani ba ya shiga idon iska kai tsaye. Iyakar kusantarsa wajen digiri 45, don haka sai dai a yi tafiyar jaki mai hawan tudu da kaya, a karkata dama, a juyo a karkata hagu. Mu yi lissafi. A ce inda kake faɗin ruwan mita 10 ne, ka cire mita uku-uku na kowace gaɓa saboda ciyawa da rashin zurfi, saura mita 4. A digiri 45, duk mita 4 da ka ci a gicciye ka ci mita 4 a gaba. Kilomita ɗaya ke nan juyi 250. Ba mu cire abin da gangarar ruwa take ƙwacewa ba, wanda a wasu ranaku yakan kai mita 5 a kowane juyi. In haka ta faru za ka ga kana ta aiki daidai da ƙa'ida, bishiyar da ka wuce ɗazu kuma tana sake wuce ka. Ba kuskurenka ba ne. Ka ci gaba da juyi.

Akwai kuma wani sirri da littattafai suke ambata a gurguje. Aska ba ta kama ruwa sai jirgi yana gudu. Aikinta irin na fiffike ne, sai ruwa yana bin jikinta da sauri take samun ƙarfin tokarewa. Bayan kowane juyi jirgi yana bukatar ya yi tafiyar da ta ninka tsawonsa sau biyu ko uku kafin ta farfaɗo. Jirginka mita 6 ne, filinka mita 4. Da an tsaya a nan, da sai a ce aska ba za ta taɓa kamawa a tur'a ba. Amma ƙasar Fau ta tanadi mafita.

Kowace damina ruwan Habasha yana zuwa da laka ya shimfiɗa ta a gindin magudanai, a kan baƙar ƙasar nan mai danƙo wadda take riƙe tarakta kamar mai bin bashi. Da ka sauke aska zuwa farin tsumma, za ka ji wani laushi ya ratso igiya, jirgi ya ɗan rusuna kamar zai gai da surukai, sannan ya natsu. Askarka ta shiga laka. Ka duba gaɓar dama, ka duba ta hagu. Za ka ga tafiyar ƙaguwa ta ƙare ƙaf, jirgi ba ya zamewa gefe ko da taƙi ɗaya. Wannan shi ne matsayin da maƙeran jiragen tsere na Turai suke kashe dukiya suna nema, ba su kuma taɓa cim masa ba, don ko mafi kyawun jirginsu yana zamewa 'yan digirori. Kai ka same shi a ranar farko. Gaskiya ne gaba ma ba ka tafiya, amma wannan babi ne dabam.

In ka gama more wannan matsayi, ka ja igiya zuwa jan tsumma. Kada ka yarda jirgi ya ja da baya aska tana cikin ƙasa. An yi ta ne ta naɗe in ta yi karo da abu daga gaba. In ƙarfin ya zo daga baya, kan ƙusa da bakin kube yake sauka, kuma mai walda ba ya zuwa tsakiyar tur'a. Wannan naɗewa tata ita ce ma'aunin zurfi mafi gaskiya da za ka samu. Masu kuɗi suna sayen na'ura mai allo da lambobi. Kai in ka ji ƙwal, ƙasa ta matso. In ka ji ƙwal sau biyu tare da huci, saniya ce, ka yi sallama ka kauce.

Wani amfanin aska shi ne daidaita daffa, sitiyarin jirgi. In ka ji daffa tana jan hannunka, jirgi yana ta son ya juya hanci ya fuskanci iska, to ka ɗan ɗaga aska. Da yake a kan ƙusar gaba take juyawa, ɗagawar tana mayar da ita baya, wurin tokarewa ya koma baya, hanci ya daina gardama. Taƙi ɗaya na igiya yakan isa. Ka gwada wannan a miƙaƙƙen wuri, kuma ka gama kafin gada ta gaba, domin kubrin tur'a an gina shi ne a kan tsayin ruwa, ba a kan tsayin ginshiƙinka ba. A kowane kubri za ka naɗe zani, ka kwantar da ginshiƙi, ka kwanta kai ma. A kowace ƙofar raba ruwa kuma za ka fito da jirgin a ɗauke shi a kai. Nan ne za ka gode wa aska, don jirgi mai darma a gindi ba ya ɗaukuwa, naka kuwa mutum goma sha biyu sun isa. Ka gai da gafir mai gadin ƙofa da kyau. In ya tambaye ka ina zuwa, ka faɗa masa gaskiya. Zai ce maka, “Allah ya sauwaƙe, Alhaji.” Addu'ar matafiya ce a nan yankin, ka amsa da amin.

Sai maganar habub. In ka hangi jan bango ya taso daga ƙasa har sama, ka tuna iska ma mai kayan kara take wahalarwa, balle mai zani mita bakwai. Sabon shiga yakan sauke aska duka don ya ji ya kafu. Kuskure ne. Jirgin da askarsa take ƙasa gaba ɗaya, in guguwa ta buge shi ta gefe, taɗiye shi askar take yi ya kifa. Ka rage zani tukuna, sannan ka ɗaga aska zuwa rabi ko sama da haka, don jirgi ya samu damar zamewa maimakon faɗuwa. A teku wannan zamewa takan ɗauki dare guda. A tur'a daƙiƙa biyu ce, daga nan ka isa gaɓa. In damina ta yi ƙarfi har ruwa ya haura, kana iya zarcewa cikin hawashar wani. Ya taɓa faruwa da ni. Hawasha a nan fadan 22 ce, na ratsa kusan rabinta aska tana rabi, na bar kunya guda miƙaƙƙiya wadda ba ta bi sahun sauran ba. Mai gonar dattijo ne. Ya daɗe yana duban ta, sannan ya ce, “Ɗana, wa ya aiko ka huɗa?” Mun daidaita a kan buhu ɗaya, ni na bayar.

Kula da aska ba shi da yawa, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka duba igiya inda take gogar bakin kube, nan take cinyewa, kuma in ta tsinke aska za ta faɗa ta rataye ba mai dawo da ita. Ka duba ƙusa. Babbar cutar aska a Fau ita ce cushewa: laka da ciyawa da dodon koɗi su cika kube, rana ta gasa su, aska ta zama ɗaya da jirgi. Kada ka tuɓe ka shiga ruwa don ka zaƙulo ta, ruwan tur'a yana da tsargiya. Ka buɗe murfin kube daga sama, ka zuba ruwa buta uku, ka jira, ka zura taɓarya ka daka a hankali. Taɓaryar ta zama ta jirgi. Kada ka mayar da ita gida, kuma kada ka ce aro ka yi.

Da hannunka ya faɗa, za ka so doguwar tafiya, kuma na san inda zuciyarka take: Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, inda kusan kowannenmu yake da dangi. Buri ne mai kyau, kuma gado ne. Kakanninmu sun yi shekaru suna takowa da ƙafa daga Sakkwato da Kano, suka ƙarasa 'yan kwanakin ƙarshe a jirgin zani daga Sawakin zuwa Jidda. Kai za ka juya tsarin ne kawai. Hanya biyu ce. Ta farko, ka bi Rahad da damina zuwa Abu Haraz, ka juya kudu ka haura Shuɗin Nilu, ka wuce Wad Madani, har ka tarar da madatsar Sinnar wadda take tsaye a wurin tun 1925. A nan za ka naɗe aska ka nemi lori. Ta biyu ta fi gajarta. Ka bi babbar tur'a zuwa Abu Rakam, ka shiga magudanar da take kawo ruwa daga famfunan Mina kusa da Sinja. Abu biyu kawai za ka kiyaye. Magudanar tana ratsa Kogin Dindir ta ƙarƙashinsa, cikin bututu, don haka a nan aska a kube, ginshiƙi a kwance, numfashi a riƙe. Na biyu, famfunan an kafa su ne su ɗago ruwa daga kogi zuwa magudana, kai kuma saukowa kake son yi. Ka isa da wuri ka yi magana da mai kula da su.

Saura rani, kuma shi ne lokacin da jirgi mai aska yake nuna fifikonsa. A Faransa ana ƙera jiragen alminiyam masu suna Ovni, mutane suna biyan maƙudan kuɗi a kansu saboda abu guda: in teku ta janye, sai a naɗe aska jirgi ya zauna daram a kan yashi, ba ya kwantawa ta gefe kamar mai darma. Teku tana janyewa ta dawo sau biyu a yini, zaman nasu 'yan sa'o'i ne. Rahad ma yana janyewa ya dawo, sau ɗaya a shekara. Ƙa'ida ɗaya ce, jadawali ne ya bambanta. Kuma kada wani ya raina maka jirgi don yana kan tudu. Kulob ɗin masu jiragen zani na Shuɗin Nilu a Khartum, wanda aka kafa a 1926, hedikwatarsa ta kasance tsohon jirgin yaƙin Kitchener mai suna Melik, wanda ambaliya ta ɗora a kan gaɓa a ƙarshen shekarun 1980, kuma a can ya ci gaba da zama shekara da shekaru kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023.

Saboda haka da ka ga ruwa ya fara ja, ka zaɓi shimfiɗaɗɗen wuri kusa da inuwa, ka ja aska har ta shige kube, ka ɗaure igiya ƙulli biyu. Wannan mataki ba ya jiran gobe. In ƙasa ta bushe aska tana ciki, ka dasa jirgi ke nan, sai Yuli. Ka jefa anga duk da haka, don ƙa'ida ce, amma ka ɗora mata tsohon kwando kada jaki ya yi tuntuɓe. Ka toshe bakin kube da buhu, domin kaji suna son wurin, kuma aska ba ta sauka a kan ƙwai. Zanin kuwa ka shimfiɗa shi a kan ginshiƙi ya zama rumfa, ƙusar aska ka ɗiga mata man riɗi duk Juma'a. Kowace safiya ka hau, ka duba inda iska take fitowa, ka rubuta a littafin jirgi tare da zurfin ruwa. In sifili ne ka rubuta sifili.